Injin Okech

Kwana tara da binne Okech a bayan ɗaki
aka zo ƙirga abin da ya bari.
Ogola, wansa, ya zauna a kujerar da ba a yi masa tayi ba,
ya ce injin kwale-kwalen zai kwana a gidansa
kada ɓarayin Mbita su ɗauke.
Na ce to.
Bakin mai makoki ba shi da ƙarfin gardama.

Da dare tafkin ya cika da fitilun masu kamun omena,
kamar gari ya tattara ya koma kan ruwa.
Na tsaya a gaɓa ina ƙirga su,
ina neman wadda babu.

Wata uku injin yana kwana.
Aka koro Apondi daga makaranta da takardar kuɗi a aljihu.
Banki ya ce asusun mamaci a rufe yake,
matar mamaci ba mabuɗi ba ce
sai kotu ta ce ita ce.

Na sayar da akuya, na hau babur zuwa Homa Bay.
Magatakarda yana cin gyaɗa, bai ɗago kai ba:
takardar mutuwa, wasiƙar mai gari, sunayen yara,
jerin dukiya har da komar da ta yage.
Za a buga sanarwa, a jira kwana talatin
ko akwai mai ja.
Kuma tunda yaran ƙanana ne, in zo da mutum na biyu
mu riƙe amanar tare.

Ogola ya ji, ya goge takalmi.

Ni kuwa wurin uwarsu na tafi.
Min Okech tana shanya kifi a kan raga, ido ya fara hazo.
Ta saurare ni har na gama, tana korar ƙuda,
ta ce, duka biyun ni na goya,
na san wanda yake cin rabonsa ya leƙa kwanon wani.
Ta miƙo babban yatsa.
Tawadar ta kwana biyu a fatarta, tana nuna wa maƙwabta.

Ran da takardar ta fito da hatimi
na zaci zan ji kamar an sauke mini tulu.
Sai alƙaliya ta dube ni ta saman tabarau:
ba kyauta aka ba ki ba, riƙo ne.
Ki tara, ki biya bashi, ragowar ta yara ce.

Bashi.
A gwangwanin biskit na same shi, ƙarƙashin gado,
littafin makaranta da rubutun Okech mai karkata:
mai sayar da fetur, mai ɗinkin koma, ƙungiyar masunta,
can ƙasa kuma, da jan biro,
Ogola, sule dubu arba'in, kuɗin inji.
Bai taɓa faɗa mini ba.
Shi ma wan nasa bai faɗa ba, ya gwammace a ce masa maci amana
da a ji ƙaninsa ya kwanta da nauyi.
Ko kuwa ni ce nake gyara masa zance? Ban sani ba.

Na biya shi a hankali, kasuwa bayan kasuwa,
kowane biya da sa hannu da shaidu biyu.
Bai gode ba, ban nema ba.
Wata safiya ya turo injin a baro,
an wanke shi, an sa masa sabuwar igiya.

Yanzu samari uku ke fita da kwale-kwalen.
Ni ke riƙe littafi, rubutuna a ƙasan nasa.
Apondi ta ce bakwai ɗina tana kama da ɗaya,
in gyara kafin kotu ta nemi lissafi.